Ƙamusun Oxford na Masu Koyon Turanci: Gwajinsa a Kan Kalmomin Hani da Cikas

Duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da fassarar labarai daga Turanci zuwa Hausa, ko kuma yake shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB, ya san akwai wani rukunin kalmomi da ke yawan kayar da mutane, wato kalmomin da ke nuna hani, taƙaitawa da kawo cikas. Mai karatu zai ci karo da “prevent”, “hinder”, “hamper”, “impede”, “obstruct”, “restrain”, “restrict”, “constrain”, “curb”, “inhibit”, “deter”, “forbid” da “prohibit” a cikin jarida guda, kuma idan ka tambayi yawancin ɗalibanmu ma'anar kowace ɗaya, amsar da za su ba ka ita ce “hana”. Amsar ba ƙarya ba ce, amma ba ta wadatar ba, domin tsakanin abin da aka hana shi faruwa ɗungurungum da abin da aka jinkirta shi ya faru da ƙyar akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazarar ne ɗalibi yake rasa maki, mai fassara kuma yake sanar da jama'a abin da ba shi aka faɗa ba. A kan wannan rukuni na auna ƙamusun nan mai suna Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na goma da ya fito a 2020, tare da shafinsa na intanet, domin in ga ko ya cancanci kuɗin da iyaye da malamai suke kashewa a kansa.

Tarihin littafin yana da alaƙa da irin ƙarfin da yake da shi. Wanda ya assasa shi, A. S. Hornby, Bature ne ɗan Ingila da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, kuma a birnin Tokyo aka fara buga aikin a 1942, kafin maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta karɓe shi ta fitar da shi a 1948. Ke nan ba don Turawan da aka haifa cikin harshen aka tsara shi ba, an tsara shi ne don irinmu da muka koyi Turanci a aji. Abin da Hornby ya lura da shi shi ne, baƙon harshe bai cika rasa ma'anar kalma ba kamar yadda yake rasa sanin abin da ya kamata ya biyo bayanta a cikin jumla. Saboda haka ya mayar da hankali ga tsarin da kowane aikatau yake bi. A tsofaffin bugu ana nuna wannan tsari da lambobi waɗanda sai mutum ya koma farkon littafi ya duba ma'anarsu, amma a bugu na goma an shimfiɗa shi a fili a gaban kowane misali. Ya kamata kuma a bambanta wannan littafi da babban ƙamusun Oxford mai juzu'i da yawa, wanda a watan Janairun 2020 ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da Kannywood. Wancan na masu bincike ne, wannan na masu koyo.

A kan tsarin jumla ne littafin ya fi burge ni, kuma a nan ne ya fi yi wa Bahaushe amfani. A Hausa muna cewa “mahaifina ya hana ni zuwa” ko “ya hana ni in je”, don haka hannun ɗalibi yakan zarce ya rubuta “My father prevented me to go”, jumlar da kowane malamin Turanci a sakandare ya gaji da ja mata layi da jan biro. Wanda ya buɗe ƙamusun a kan “prevent” zai tarar an rubuta masa da baƙin rubutu mai kauri cewa bayan kalmar ana kawo wanda aka hana, sannan “from”, sannan aikatau mai ƙarewa da “-ing”. An kuma nuna masa cewa a Turancin Birtaniya ana iya sauke “from” ɗin. Wannan tsarin shi ne na “stop”, “keep”, “restrain”, “deter”, “prohibit”, “ban” da “bar”, sai dai “keep” ba ta yarda a sauke mata “from” ba tare da ma'ana ta juye ba, domin “keep him from talking” hana shi magana ne, alhali “keep him talking” sa shi ya ci gaba da magana ne. Ita kuwa “forbid” ta yarda da hanya biyu, ko dai “forbid him to go” ko “forbid him from going”, kuma ina ganin daga gare ta ne ɗalibai suke ɗauko “to” su liƙa wa sauran. “Restrict” ma tana tafiya da “to”, amma da wata ma'ana daban, wato iyakar da aka tsaya a kanta, kamar a ce an taƙaita shiga wani wuri ga ma'aikata kaɗai. Ɗan ƙaramin ƙamusun aljihu da ke ba da kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya ba zai taɓa koya wa mutum wannan ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin mallakar littafin.

Abu na biyu da na duba shi ne ko bayanin ma'ana yana amsa tambayar da ta fi muhimmanci ga mai fassara, wato shin abin ya faru ko bai faru ba. A nan ma littafin ya yi abin a yaba. Ya nuna cewa “prevent” tsayar da abu ne ya zama bai auku ba sam, alhali “hinder” da “hamper” wahalar da aikin suke nufi, ko jinkirta shi. Idan labari ya ce “Floods hampered rescue efforts”, masu aikin ceto sun fita kuma suna kan aiki, ambaliya dai ta kawo musu tarnaƙi. Mai fassarar da ya ce ambaliya ta hana aikin ceto ya gaya wa dangin waɗanda abin ya shafa cewa babu wanda ya je neman 'yan uwansu, wanda kuwa ba ƙaramin abu ba ne a kunnen mai sauraron rediyo. Hausa ba ta rasa kalmomin da suka dace ba, tana da “kawo cikas”, “kawo tsaiko”, “yin tarnaƙi” da “mayar da hannun agogo baya”, amma sai mai fassara ya fahimci Turancin kafin ya san wacce zai ɗauko. An rubuta bayanan da kalmomi masu sauƙi, waɗanda aka zaɓo daga jerin kalmomi 3000 da masu littafin suka ware a matsayin ginshiƙi, saboda haka ɗalibin babbar sakandare zai iya karanta su ba tare da ya sake neman ma'anar ma'ana ba.

Inda na so a ce an ƙara zurfafawa shi ne tsakanin “hinder”, “hamper” da “impede” su kansu. Littafin yana nuna su a matsayin masu kusancin ma'ana, yana tura mai karatu daga wannan zuwa waccan, kuma ya yi wa “impede” alamar cewa ta rubutun hukuma ce da na ilimi. Bayanan ma'anarsu kuwa sun yi kama da juna sosai, ta yadda wanda ya tsaya a kansu kaɗai zai ɗauka duk ɗaya ne. Sai mutum ya natsu a kan misalan sannan zai fara ganin bambancin. “Hamper” ta fi zuwa a jumlar da aka fara da abin da aka wahalar, kuma abin da ke wahalarwar yawanci yanayi ne, kamar ruwan sama, ƙarancin kuɗi ko rashin kayan aiki. “Impede” ta fi son kalmomin tafiya da gudana, irin su “progress” da “flow”. “Hinder” ta fi su faɗi, tana karɓar mutum ko aiki, kuma idan aka haɗa ta da “from” takan matso kusa da hani na gaba ɗaya. Wannan duka yana cikin littafin, amma a warwatse, kuma ɗalibin da ke fuskantar tambayar JAMB ta zaɓen kalma mafi kusa da ma'ana zai fi samun sauƙi da an tattara masa su wuri guda.

Abin da ya sa na ce haka shi ne, masu littafin sun nuna sun iya wannan tattarawa a wani wurin. A ƙarƙashin “limit” akwai wani akwati da ya jera “restriction”, “control”, “constraint”, “restraint” da “limitation” ya kwatanta su, kuma a ganina yana cikin mafi amfanin abin da na karanta a kan wannan batu. Taƙaitaccen abin da ke ciki shi ne, “restriction” doka ce ko ƙa'ida da wani mai iko ya gindaya, “constraint” kuwa hali ne da mutum ya tsinci kansa a ciki wanda ya ɗaure masa hannu, kamar ƙarancin lokaci ko na kasafi, ita kuma “restraint” tana iya fitowa daga waje, tana kuma iya fitowa daga cikin zuciyar mutum. Da wannan bayani sai abubuwa da yawa su daidaita. Sanarwar da 'yan sanda kan fitar a jajibirin zaɓe a Nijeriya ta “restriction of movement” ita ce muke kira taƙaita zirga-zirga, domin hukuma ce ta kafa ta kuma tana da lokacin farawa da na ƙarewa. Kalmar ce kuma take kan sashe na 45 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya yi bayanin yanayin da doka za ta iya taƙaita wasu haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Shugaban makarantar da ya ce bai gina aji ba saboda “financial constraints” ba ya nufin wani ya hana shi, yana nufin aljihun ne bai kai ba. Idan kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci ɓangarori biyu masu rikici su nuna “restraint”, kiran da take yi shi ne su kai zuciya nesa, kuma kafafen labarai na Hausa sun daɗe da dacewa da wannan fassarar.

Shafin intanet yana da wani ɗan sashe na asalin kalma a ƙarƙashin bayani, wanda mutane da yawa suke tsallakewa, alhali a kan wannan rukuni yana taimakawa ƙwarai. A nan mutum zai gane cewa “restrain”, “restrict” da “constrain” duk daga tushe ɗaya na Latin suka fito mai ma'anar ɗaurewa tam, shi ya sa suke rikitarwa. Zai ga cewa “deter” ta samo asali daga kalmar tsoratarwa, don haka hanin da take nufi na sa mutum ya ji shakka ne ya fasa da kansa, kuma hukuncin da aka kira “deterrent” shi ne wanda muke cewa an yi domin ya zama izina ga na baya. “Curb” sunan wata maɗauri ce a linzamin doki, saboda haka idan Babban Bankin Nijeriya ya ƙara kuɗin ruwa “to curb inflation”, ba alkawarin kawar da tsadar kaya ya yi ba, ƙoƙarin ja mata birki yake yi. Wadda ta fi kama mini hankali ita ce “impede”, wadda tushenta yake nufin ɗaure ƙafa. Duk wanda ya taɓa ganin jakin da aka yi wa dabaibayi a bakin gona, yana tsalle-tsalle yana kaiwa ga ciyawar da ke kusa amma ba ya iya yin nisa, ya riga ya fahimci kalmar fiye da yadda kowane bayani zai fahimtar da shi, domin dabbar tana motsi, saurin ne aka karɓe mata. Hatta dokokin ƙwallon ƙafa sun yi amfani da wannan kalma a doka ta 12, inda aka yi maganar ɗan wasan da ya tare wa abokin hamayya hanya ba tare da ya taɓa shi ba.

Kalmomin hani na doka ba su ba littafin wahala ba. Ya bambanta “prohibit”, wadda ke nufin haramtawa ta hanyar doka ko ƙa'ida, da “inhibit”, wadda ke nufin danne abu ya kasa bunƙasa ko sa mutum ya kasa sakin jiki, kuma wadda likitoci da masu harhaɗa magunguna suke yawan amfani da ita, kamar a sunan wani rukunin magungunan hawan jini da ake kira “ACE inhibitors”. Ya kuma kawo “prohibitive”, wadda ake siffanta farashi da ita idan ya yi tsadar da ta fi ƙarfin mai saye, ma'anar da ɗalibi ba zai taɓa hasashenta daga “haramtawa” ba. Ya ambaci “Prohibition” da babban baƙi, wato zamanin da Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933. “Ban” ita ce kalmar da 'yan jarida suka fi so saboda gajartarta, kuma ita ce ta dace da matakin da gwamnatin Kano ta ɗauka a watan Janairun 2013 na haramta ɗaukar fasinja a babur. Amma a lura da abin da ya faru da Twitter a Nijeriya daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022: gwamnatin tarayya ta ce ta yi “suspend”, wato dakatarwa, jaridu da yawa kuma suka rubuta “ban”. Wanda ya duba kalmomin biyu a ƙamusun zai ga cewa ta farko tana ɗauke da ma'anar wucin gadi, kuma zai gane cewa zaɓen kalma a irin wannan labari yana nuna inda marubuci ya karkata. Haka nan “sanction”, wadda a jam'i muke fassarawa da takunkumi, irin wanda ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ta kuma janye a Fabrairun 2024, tana da wata ma'anar da ta yi hannun riga da wannan, wato amincewar hukuma. Littafin ya raba ma'anonin biyu da lambobi, kowace da misalinta, kuma wannan rabawar tana iya tserar da mai fassara daga cewa an hukunta abin da a gaskiya aka sahale.

Akwai kuma kalmomin da mutum yake hana kansa da kansa, waɗanda sau da yawa ake cuɗa su da na sama. “Refrain”, “abstain” da “desist” ba sa ɗaukar wanda aka hana, saboda haka ba a cewa “refrain him”, kuskuren da ake gani hatta a wasiƙun ofis. Littafin ya nuna duka ukun suna tafiya da “from”, ya kuma kawo ma'anar “abstain” ta zauren majalisa, wato ƙin jefa ƙuri'a ga kowane ɓangare, abin da masu labarai suke kira rowar ƙuri'a.

Gwajin da na fi jin daɗinsa shi ne na wata tsohuwar magana da ke cikin fasfon Nijeriya. A shafin farko, inda ake roƙon hukumomin ƙasashe da sunan shugaban ƙasa su bar mai fasfon ya wuce, an rubuta “without let or hindrance”, lafazin da aka gada daga fasfon Birtaniya. Alhazai da 'yan kasuwa da ɗalibai masu yawa suna ɗauke da wannan jumla a aljihu, kuma wanda ya san “let” da ma'anar ƙyalewa kawai zai ɗauka ana cewa kada a ƙyale shi ya wuce. Gaskiyar ita ce akwai wata tsohuwar “let” mai ma'anar cikas, wadda ta kusa ɓacewa daga harshen, ba ta saura ba sai a wannan lafazi da kuma wasan tanis, inda ake kiranta idan ƙwallon farko ta taɓa raga aka ce a sake bugawa. Ƙamusun ya kawo lafazin, ya yi masa alamar harshen hukuma da na shari'a, ya kuma bayyana cewa yana nufin wucewa ba tare da wani ya tare hanya ba. Littafin da ya tuna da irin wannan lungu ya nuna cewa masu shi sun san abin da mai koyo zai ci karo da shi a rayuwa, ba a aji kaɗai ba.

Sai dai a fagen shari'a ne iyakar littafin ta fito fili, kuma ya kamata mai saye ya san da haka tun kafin ya dogara da shi. Kusan kowane mako jaridun Nijeriya suna ɗauke da kanun labari mai cewa wata kotu ta yi “restrain” ɗin wata hukuma ko wata jam'iyya daga aikata wani abu. Ƙamusun zai gaya maka cewa “injunction” umarnin kotu ne na a yi abu ko a bar shi, kuma hakan daidai ne. Amma lauyoyinmu suna bambanta umarni na ɗan gajeren lokaci da ake bayarwa cikin gaggawa, da wanda zai tsaya har a kammala sauraron ƙara, da kuma na dindindin da ke zuwa tare da hukuncin ƙarshe. Mai fassarar da ya ce “kotu ta hana” a inda ya kamata ya ce “kotu ta dakatar har zuwa lokacin da za ta saurari ƙarar” ya sa magoya bayan wani ɓangare murnar nasarar da ba a kai ga samu ba. Wannan ba aibin littafin ba ne, domin bai ce shi ƙamusun shari'a ba ne, amma wanda aikinsa ya shafi kotu yana buƙatar ƙari a kansa. Haka kuma ma'aunin littafin Turancin Birtaniya da na Amurka ne. Yana da alamar da yake yi wa wasu kalmomin Afirka ta Yamma, amma mai amfani da shi ya riƙa tuna cewa abin da muke kira gosulo a kan titi, a Ingila “go-slow” wani salon yajin aiki ne da ma'aikata suke rage saurin aiki da gangan.

Ta fuskar furuci da rubutu, shafin intanet ya fi littafin takarda amfani, domin ana danna alama a ji kalmar da muryar Birtaniya ko ta Amurka. A nan mutum zai ji cewa nauyin “deter” yana kan gaɓa ta biyu, cewa wasalin tsakiyar “impede” dogo ne amma ya gajarce a “impediment”, kuma cewa “forbade” tana da furuci biyu karɓaɓɓu. Zai kuma ga cewa “hindrance” ba ta da “e” bayan “d”, duk da cewa daga “hinder” ta fito, kuskuren rubutun da ya zama ruwan dare a takardun jarrabawa. Duba kalma da sauraron furuci a shafin kyauta ne, abin da ake buƙata kawai data ce, manhajar waya kuwa sai an biya kafin a samu cikakkenta. Littafin takarda ya haura shafi 1,500, yana da nauyi a jakar ɗalibi kuma rubutunsa ƙanana ne, wanda zai wahalar da mai raunin gani, musamman da dare idan babu wuta. Amma yana da wata fa'ida da waya ba ta da ita, wato idan ka buɗe “restrain” idonka zai faɗa kan “restraint”, “restrict”, “restriction” da “restrictive” a jere, ka karanta su ko da ba su ka zo nema ba, kuma a kan kalmomi masu kama da juna irin waɗannan wannan maƙwabtaka darasi ce.

Dole in ja hankalin iyaye game da jabun bugu, domin sun cika kasuwannin littattafai. Na ga wani a hannun ɗaliba wanda takardarsa ta yi sirantar da rubutun bayan shafi yake fitowa ta gaba, alamomin furuci sun dusashe sun zama ɗigo-ɗigo, baƙin rubutu mai kauri da ke nuna tsarin jumla kuma ya saje da sauran rubutu har ba a bambanta su. Tun da tsarin jumlar shi ne babban abin da ake saye a littafin, wanda ya sayi irin wannan ya biya kuɗin nauyin takarda ne kawai. Kafin a biya, a buɗe tsakiyar littafin a duba ko launi ya fito sosai, ko ƙananan alamomi suna karantuwa, a kuma ja shafi a hankali a ga ko ɗinkin yana da ƙarfi. Idan farashin ya yi araha fiye da kima, to akwai dalili.

Ga wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba, ba na ba da shawarar ya fara da wannan littafi shi kaɗai, tun da duk bayaninsa da Turanci ne. Zai fi kyau ya haɗa shi da ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, ya samu kalmar Hausa a can, sannan ya dawo nan ya ga yadda ake gina jumla da kuma wurin da kalmar ta dace. Ɗalibin babbar sakandare da na jami'a, malamin Turanci, ma'aikacin da ke rubuta wasiƙun ofis da mai fassarar labarai kuwa, kuɗinsu ba zai tafi a banza ba. Ga malamai musamman, hanyar da na ga tana aiki ita ce a ba ɗalibai kanun labarai na gaske daga jaridun mako, a sa su duba kowace kalmar hani a ƙamusun, sannan su faɗa da Hausa ko abin ya faru ko bai faru ba, wane ne ya tare hanyar, kuma ko hanin na ɗan lokaci ne ko na dindindin. Ajin da ya yi wannan a kan “foil” da “thwart” zai gano da kansa cewa su ne suka dace da “daƙile” a labarin harin da jami'an tsaro suka tare tun bai auku ba, kuma cewa “hamper” ba ta da gurbi a wannan jumla.